Kitson Zare: Koyon Saƙar Sprang Daga Ƙananan Ayyuka

Duk wadda ta taɓa zama kusa da masaƙi ta san zare iri biyu ne ke haɗuwa su ba da ƙyalle: na tsaye da aka yi wadarinsa, da abawar da ƙoshiya ke kaiwa da komowa da ita. To akwai wata saƙa da babu ƙoshiya a cikinta, babu abawa. Zaren tsaye ne kaɗai, a miƙe tsakanin tsinke biyu, kina sarƙa kowanne da maƙwabcinsa da yatsunki. Mutanen arewacin Turai ne suka ba ta sunan da aka fi sanin ta da shi, wato sprang. Ni kitson zare nake ce mata, don a hannu ta fi kama da kitso.

Abin da ke fitowa raga ce mai talewa kamar an sa mata roba, alhali ko silin roba babu. Kuma duk layin da kika kitsa a sama, wani irinsa zai fito a ƙasa da kansa, a juye, kamar kin sa madubi. Kina aiki ɗaya ana biyan ki biyu, har sama da ƙasa su haɗu a tsakiya. Sai dai a nan gizo ke saƙar: babu abin da ke riƙe da aikin sai ƙofar da ke tsakanin zaren gaba da na baya. Kafin ki kulle tsakiya, in ƙofar nan ta kuɓuce miki, aikin zai warware yana kallon ki. Wadda ta iya tsare ƙofa ta iya rabin sana'ar. Sauran rabin layi biyu ne kacal, ana maimaita su.

Sana'ar ta tsufa ƙwarai. A 1871 aka tono kabarin wata mata a Borum Eshøj ta ƙasar Denmak, an binne ta cikin kututturen itace fiye da shekara 3,000 da suka wuce, aka same ta da ragar gashi da aka yi da wannan saƙa. Kibɗawan Masar sun bar huluna da ragogin gashi masu yawa na ulu da lilin. An same ta a tsofaffin kaburburan Peru. Hafsoshin sojan Turai na da kuwa ɗamarar siliki ta wannan saƙa suke ɗaurawa, mai faɗi in an tale ta har a iya ɗaukar wanda ya ji rauni a kai. Irinta ce Janar Braddock na sojan Birtaniya ya bar wa George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, a 1755, tana nan ajiye a gidan Washington na Mount Vernon. Wadda ta fi burge ni ita ce ta yankin Punjab na Fakistan da Indiya, inda da ita ake yin zariyar wando. Za mu dawo kan zariya.

Kayan aiki

Firam na katako mai kusurwa huɗu, tsawo santimita 60, faɗi 30. Kowane kafinta zai haɗa miki shi da guntayen katako. Tsohon firam ɗin hoto ma ya yi, ko ki kifa kujera ki yi amfani da ƙafafunta. Sai tsinke biyu masu ƙwari da santsi, irin allurar saƙa ko sirarar gora da aka kankare. A kan waɗannan za ki naɗa zare, ba a kan firam ba. Ki rataya ɗaya a ƙarƙashin katakon sama da igiya a gefe biyu, ɗayan ki ɗaure shi a bisa katakon ƙasa haka nan, amma da ƙullin da za ki iya kwancewa. Wannan ƙulli yana da muhimmanci. Yayin da zare ke sarƙewa tsawonsa raguwa yake, yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu ko ma cikin uku, don haka za ki riƙa sassauta igiyar ƙasa lokaci-lokaci. In kin naɗa a kan firam kai tsaye, kafin ki kai ko'ina zaren zai ɗaure tamau har yatsa ba ya shiga.

Ki tanadi tsinken tsire huɗu ko biyar da aka goge kaifinsu, sanda sirara mai faɗi kamar rula, allurar kwarashi, basilla, da guntun igiya mai launin da ya bambanta da na aikin.

Zare kuma, auduga mai kauri matsakaici mai tufka sosai, irin na kwarashi. Kada ki fara da ulu mai gashi-gashi: silin yana manne wa juna, ƙofa ta ƙi buɗewa, ki rasa gane na gaba da na baya. Na siliki ko nailan mai sulɓi shi kuma zamewa yake. Ki sayi launi biyu masu nisa da juna, kamar baƙi da ruwan ɗorawa.

Wadari

Aikin farko na gwaji ne, zare 24. Ki bar tazarar santimita 45 tsakanin tsinken sama da na ƙasa. Ki ƙulla bakin zare a tsinken ƙasa ta hagu. Ki hau da shi ta gaba, ki ketare tsinken sama, ki sauko ta baya, ki zagayo ƙarƙashin tsinken ƙasa, ki sake hawa ta gaba. Kowane zagaye zare biyu ke nan, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Bayan zagaye biyu ki yanke, ki ƙulla ɗaya launin daidai wajen tsinken ƙasa, ki ci gaba. Haka za ki yi ta canjawa har zagaye 12, ki ƙare a tsinken ƙasa ta dama ki ƙulle. Yanzu kina da ratsi shida, kowanne zare huɗu.

Kada wani zagaye ya hau kan wani, kuma jan ya zama ɗaya. Ki shafa tafin hannu a kai, in kin ji wani ya saki ki bi shi ki daidaita. Sannan ki duba abu biyu: na ƙarshe ta hagu yana gaba, na ƙarshe ta dama yana baya. In haka ne wadari ya yi. Ki zura igiyar nan mai wani launi a cikin ƙofa, ki ɗaure bakinta biyu sako-sako. Igiyar tsaro ke nan. Ba za ki rabu da ita ba har ƙarshe.

Layin biyu da layin ɗaya

Ki jingina firam a bango ko a gwiwa. Ki zura hannun hagu cikin ƙofa ta hagu, zaren gaba 12 su kwanta a kan yatsunki a jere. Hannun dama ne mai aiki, daga dama zuwa hagu. Bahaguwa sai ta juya komai, har da wadarin.

Layi na farko shi nake kira layin biyu. Da yatsun dama ki ɗauko zaren baya guda biyu na bakin dama, ki biyo da su ta daman zaren gaba na farko, ki ɗago su gaba ki riƙe. Sai ki saki zaren gaba ɗaya daga hannun hagu ya faɗa baya. Daga nan ɗaya-ɗaya ne: ɗauko na baya mai biye, saki na gaba mai biye, ɗauko, saki. Kowanne kika ɗauko yana taruwa a yatsun dama. In kin kai ƙarshe za ki ɗauko na baya guda ɗaya da ya rage, ki tarar saura biyu a hannun hagu. Ki sake su duka. Wannan biyun na ƙarshe ita ce shaidarki. Kin fara da ɗauko biyu, dole ki ƙare da sakin biyu. In ɗaya ya rage ko uku, an yi kuskure a hanya, ki koma tun ba ki cire hannu ba.

Yanzu hannun dama yana cikin sabuwar ƙofa. Kada ki zare shi. Ki zura sandar nan mai faɗi a inda hannun yake, sannan ki janye hannu. Ki zare igiyar tsaro daga tsohuwar ƙofa ki mayar da ita sabuwa. Ki tura sanda sama ki danna sarƙar ta zauna kusa da tsinken sama. Sai ki jawo ta ƙasa a hankali, kina buɗe ƙofa da ita, har ki kai ɗaya sarƙar gindin tsinken ƙasa ki danna. Ki bar tsinken tsire ɗaya a can ƙasa ya tokare ta, don na ƙasa ya fi son sakewa.

Layi na biyu shi ne layin ɗaya, kuma ya fi sauƙi. Hannun hagu cikin ƙofa. Ɗauko na baya ɗaya, biyo da shi ta daman na gaba na farko, saki na gaba ɗaya. Haka har ƙarshe, babu biyu a farko babu biyu a ƙarshe. Sanda, igiyar tsaro, danna sama, danna ƙasa.

Shi ke nan saƙar. Layin biyu yana sarƙa kowane zare da maƙwabcinsa na wannan gefe, layin ɗaya ya sarƙa shi da na wancan gefe, kamar ragar waya ta shinge. Shi ya sa in kin yi layin ɗaya sau biyu a jere ba ƙyalle za ki samu ba, igiyoyi ne tufkakku 12, kowace tana harkar gabanta.

Tambayar da kowa ke yi ita ce: an kira ni na sauke tukunya, na dawo, wane layi zan yi? Ba sai kin rubuta komai ba. Ki dubi zaren da ya fi kowanne kusa da bakin dama. In yana baya, layin biyu za ki yi. In yana gaba, layin ɗaya. Na yi kwanaki ina zana ƙaramar alama a takarda kafin na lura da wannan, kuma takardar ce ma ta fi ɓatar da ni, don mantawa nake in zana.

Bayan kowane layi ki ƙirga: 12 a gaba, 12 a baya. Abin yana da gundura, amma daƙiƙa biyar ne. Ratsin launin ma yana taimako. A wannan saƙa zare ba ya barin unguwarsu, yana ɗan lanƙwasa dama da hagu ne ya dawo, saboda haka ratsi dole ya sauko a miƙe. Ranar da kika ga baƙi ya shiga cikin ruwan ɗorawa, to kin tsallake wani. In kin ga zare ɗaya ya yi tsalle mai tsawo bai sarƙu da kowa ba, an bar shi a baya ba a ɗauko ba. In rami ya fito inda ba ki nema ba, kin haɗa biyu wuri ɗaya. Magani ɗaya ne, warwara, layi bayan layi har ki kai wurin. Kada ki ce za ki rufe ido ki wuce, don kuskuren ma biyu yake fitowa, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Wani abu da ke tsorata masu fara koyo: layi huɗu ko biyar na farko ba sa kama da komai, tarkace ne kawai. Ki ci gaba. Wajen layi na takwas, in kika kama gefe biyu kika tale, za ki ga 'yan ramuka masu siffar lu'ulu'u sun jeru reras.

Kulle tsakiya

Sama na saukowa, ƙasa na hawowa, fili na raguwa. Idan hannu ya daina shiga sai ki koma yatsu biyu. In su ma sun daina, tsinken tsire biyu za su maye gurbin hannuwa: ɗaya ya riƙe zaren gaba, ɗaya ya riƙa ɗauko na baya. Kada ki manta da sassauta igiyar ƙasa. Ki tsaya idan saura kamar santimita 3 ko 4.

Hanya uku ce. Mafi sauƙi, ki zura zare mai ƙwari a basilla ki ratsa ƙofar ƙarshe da shi, ki dawo ki ƙulle. Ta biyu, sarƙa da allurar kwarashi: ki ɗora zaren bakin dama a kan allura, ki kamo na kusa da shi ki jawo shi ta ƙarƙashin na farko, ki kamo na uku ki jawo ta cikin na biyu, a jere ba tsallake, har ki kai hagu. Madaukin ƙarshe ki ɗaure shi da guntun zare. Ta uku, ki yanke tsakiya ki ƙulla zaren huɗu-huɗu su zama geza, ki tashi da abu biyu iri ɗaya. Mai son wannan ta tsaya da wuri, ta bar santimita 12 ko fiye, kuma ta yanka huɗu ta ƙulle sama da ƙasa kafin ta taɓa na gaba.

A wannan gwaji ki yi sarƙar kwarashi, don hannu ya saba. Kafin ki zare tsinken sama da na ƙasa, ki ratsa madaukan da ke kansu da zare ki ƙulle. Da kin cire aikin daga firam zai murɗe kamar igiya, rabin sama ya nufi wannan gefe, na ƙasa wancan. Ba laifinki ba ne, halin saƙar ne. Ki jiƙa shi, ki shimfiɗa a kan tawul ki kafe gefensa da fil, ya bushe a haka. Kin sami abin rataya makulli ko ɗaurin gashin yarinya.

Jakar carbi

Wannan ne aikin da ke nuna wa mutum dalilin da ya sa saƙar ta rayu shekaru dubbai, don kusan ita ke ɗinka kanta. Zare 48, wato zagaye 24, tazara santimita 50. A nan ki tabbata tsinken sama da na ƙasa sirara ne, don madaukan da za su bari su ne hanyar zariyar bakin jaka. In sun yi kauri bakin zai zama yaraf-yaraf.

Zare 24 a kan yatsu huɗu yana da ɗan cunkoso. Idan hannun dama ya cika a tsakiyar layi, ki zura tsinke ya karɓi waɗanda kika riga kika ɗauko, ki ci gaba da hannu a sake. Kuma ki danna kowane layi da ƙarfi iri ɗaya sama da ƙasa. Yawancin jakar farko gefe ɗaya yakan fi ɗaya tsawo, saboda ido yana kan sama, ana mantawa da ƙasa. Ki riƙa aunawa da rula bayan kowane layi goma.

A tsakiya ki yi amfani da hanyar farko, zare a basilla, amma ki ja shi ya tattare kafin ki ƙulle. Gindin jaka ke nan. Ki tufka igiya biyu sirara. Ki zura ta farko a madaukan sama yayin da kike zare tsinke a hankali, kada ki zare tsinken tukuna ki ce za ki nemi madaukai daga baya. Ki yi wa na ƙasa haka. Ki ninke aikin a tsakiya, bakin sama ya haɗu da na ƙasa, ki ɗinke gefe biyu da zaren aikin, kina kamo zaren bakin nan da na bakin can layi-layi. Ɗinkin ya zama sako-sako, in ba haka ba gefen zai ƙi talewa tare da sauran jikin. Ki ƙulla bakin igiyoyin biyu a kowane gefe.

A ido jakar ba ta wuce faɗin yatsu uku ko huɗu ba. Ki sa mata carbi, ki ƙara waya, ki ga yadda take haɗiyewa.

Ado da ramuka, da hula

Ramin da ɗazu muka kira kuskure, shi ne adon saƙar in da gangan aka yi shi. A layin biyu ake yin sa. Kina cikin ɗaya-ɗaya, in kin kai inda kike son rami, ki yi kamar layi ya ƙare: ɗauko ɗaya, saki biyu. Nan take ki yi kamar sabon layi ya fara: ɗauko biyu, saki ɗaya. Ki ci gaba da ɗaya-ɗaya. Abin da kika yi shi ne kin hana wasu maƙwabta biyu sarƙuwa a wannan layin. Layin ɗaya mai biye ki yi shi yadda kika saba. In kin maimaita a wuri guda sau da yawa ramin zai zama tsaga doguwa. In kina matsar da shi da zare biyu kowane karo, ramukan za su jeru a karkace, daga nan sai dala da lu'ulu'u. Ki zana adon a takarda mai gida-gida kafin ki fara, ki tuna zai fito sau biyu, ɗaya a juye.

Hula ba wani abu ba ce illa jakar nan babba a kife. Yawan zaren ya danganta da kaurinsa, don haka jakarki ce ma'auni. Ki tale gefe ɗaya nata ki auna. A ce zare 48 ya ba ki santimita 14. Kan babba yana kai santimita 56 a kewaye, kowane rabi na hula yana bukatar 28, wato zare 96. Ki rage kaɗan don ta kama kai. Tazara santimita 65 zuwa 70, firam ya fi na farko girma. Tsakiya a tattare ita ce ƙoƙon kai, madaukai su ne bakin hula.

Peter Collingwood, wani masaƙi ɗan Ingila, ya fitar da babban littafi a kan wannan saƙa a 1974, inda ya rarrabe ta gida uku. Wadda muka yi ita ce ta sarƙawa. Akwai ta ratsawa, inda zare ke tafiya a karkace yana hawa yana shiga ƙarƙashin wasu, da ta tufkewa, inda zare biyu-biyu ke tafiya tare. Ni dai ba zan ba ki shawarar taɓa su ba sai kin yi jaka uku ba ki warware ba.

Zariya

Zare 12 ya isa, amma tsawo ne matsalar. Zariyar santimita 150 tana son wadarin da ya haura mita 2, kuma babu firam ɗin da ke da wannan tsawo. Ki ɗaura tsinke ɗaya a ƙarfen taga, ɗayan a ƙafar kujera mai nauyi, ki riƙa matso da kujerar yayin da zare ke gajarcewa. Kai kowace sarƙa can ɗaya ƙarshen yana cin lokaci, don haka ki yi layi huɗu kina barin tsinke a ƙofar kowanne, sannan ki tura su can ɗaya bayan ɗaya, kina farawa da na layin farko, wanda shi ne ya fi kusa da can. Ki kulle tsakiya da sarƙar kwarashi mai ƙarfi, don a nan zariya ke shan ja, ki sa tuntu a baki biyu. Kuma ki zaɓi lokacin da yara suke makaranta, don zare mai tsawon mita 2 a tsakar ɗaki ba ya kwana lafiya.